Goben Tela

Shagona yana bakin titin Rumde Ajiya, nan Garwa:
keke biyu, benci ɗaya, da fankar da ta gaji da duniya.
Fillanci a kasuwa na tsince shi,
Faransanci a makaranta, har aji biyar.
Ingilishi kuwa sai da furfura ta fara leƙo ni.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta kawo mini shi daga Bamenda,
da atamfa yadi shida a hammata.
Ta ce sunanta Sirri.
Na ce a bakinmu wannan suna ba a ɗaga murya da shi.

Ran Talata ta kira, tana tambayar rigarta.
Na lalubo 'yan kalmomin da na sata a rediyo,
nufina in ce zan ɗinka,
ashe cewa na yi na ɗinka.
Ta biya mai babur, ta keto ranar azahar,
ta tarar da atamfarta a ninke, ko alli bai taɓa ta ba.
Kunyar ran nan, Binuwai da damina ba ta wanke ta.

Sai muka yi ciniki:
ina rage mata kuɗin ɗinki, tana gyara mini baki.

A Hausa aiki ba ya tuɓe riga.
Na tafi, zan tafi, nakan tafi, da na tafi,
mai tafiyar ne ke sauya hula.
Su kuwa kalmar suke bi da almakashi.
Wata in ta kwana a liƙa mata wutsiya,
wata a farke ta tun daga wuya a sake ɗinki
har uwar da ta haife ta ba ta shaida ta.
Akwai jiyan da aka ƙulle zarenta aka datse,
akwai jiyan da zarenta ke reto har yanzu.
Gobe ma iri-iri ce:
ta fatar baki daban, wadda aka yanka yadinta daban.
Ta ce, wacce ce taka?
Na ce, Madam, goben tela ba ta cikin littafi.

Wata bakwai ina tuntuɓe.
Na binne ƙanena da ransa a jimla guda,
na aurar da 'yata tun tana goye.
Tana dariya har ta riƙe benci.

Wani dare aka ɗauke wuta, saura kalmasa.
Ta haska mini da wayarta, ina bi da allura,
sai ta fara magana ba da ni ba:
gidanmu yana kan tudu,
hazo yana kwana a ƙofa,
mahaifiyata tana shanya kofi a tsakar gida.

Kunnena ya kama.
Ita da kanta ta gaya mini, tun farkon zuwanta,
wuta ta ci gidan shekara uku da suka wuce,
tsohuwar kuma tana kwance bayan coci.
Harshena ya yunƙura, yau almuru ya yi wa malama,
ga wutsiyar kalmar nan a bakina.

Na ciji zare.
Na jera jimlata a hankali, duk a yanzu,
na ce, ɗaki nawa yake da shi?

Ta ce, huɗu.
Ta ce, yau ba ka yi kuskure ba.