Littafin Mudu

A Bukuru, bayan tafkin da kuza ta bari,
akwai majami'ar da allonta ke ɗauke da dogon suna.
Mu dai Cocin Mudu muke ce mata.

Kakata Ngo Kachollom ta ce ba fasto ya kafa ta ba.
Rami ne.
Shekarar da ramin kamfani ya rufta da maza bakwai,
aka ba matansu fam bibbiyu da bargo,
aka ce su bar barikin lebura kafin Asabar.
Suka zauna a gindin ƙerana, babu mai karatu a cikinsu,
sai Rifkatu 'yar Pankshin da ta haddace Zabura ɗaya da rabi.
Rabin ma ya ishe su kuka.

Doka ɗaya suka yi:
duk wadda za ta ɗora tukunya
ta ware tafi ɗaya na acca.
Ran Lahadi a juye a mudu.
In ya cika, a kai ƙofar da hayaƙi bai tashi ba,
kada a tambayi ina mai gidan ke fuskanta in zai yi addu'a.

Bango daga baya ya zo, da jar ƙasar wankin kuza.
Kwanon, wanda kamfani ya yar ne da zai tafi.
Ƙararrawa kuwa guntun ƙarfen dogo
da Baba Davou ya rataye a mangwaro.
Kurma ne, shi ya sa har Gyel ake jin bugunsa.

Istifanus tela ya fara rubutawa da alƙalamin awo:
"Mudu biyu, gidan mai tari."
"Bargo, baƙo daga Gboko, bai faɗi suna ba."
"Sule uku, kuɗin makaranta. Ba bashi ba ne."
Akwai shafin da yoyo ya cinye.
Akwai shekarar rigimar kuɗin siminti,
da rabinmu suka fita da benci shida.
Huɗu sun dawo.

Da gari ya kama da wuta, muka gudu da abin da ke jikinmu.
Littafin ya yi wata uku a gidan Tanimu mahauci,
ƙarƙashin buhun gishiri.
Da ya maido, bai ce komai ba,
sai ya buɗe shafi na tara ya ɗora yatsa.
Sunan uwarsa ne.

Yanzu muna da janareto da lasifika,
an sa mudun cikin gilashi kusa da bagadi,
yara na tsammani kwanon baftisma ne.
Baiko ta waya ake turowa.
Ni ke riƙe da littafin, idona ya fara gardama.

Jiya da sanyin asuba na zo ɗora shinkafa,
ina lissafin kuɗin gas,
sai na ga hannuna ya riga ya ware tafi ɗaya
a murfin tukunya,
yana jiran in faɗa masa ƙofar.