Guga Ya Hana

Ƙarfe huɗun asuba a kasuwar Hakodate,
Mitsue ta jera kaguwa kan ƙanƙara,
ta goge hannu, ta duba waya.

Kamfanin jirgin ƙasa can Amurka,
wanda ba ta taɓa jin jiniyarsa ba,
hannun jarinsa ya hau goma cikin ɗari.
Ta murmusa: bana rufin shago zai gyaru.

Sai ta juya dalar zuwa yen.

Ranar da ta saya, kowace dala
yen ɗari da hamsin da huɗu ta ci mata.
Yau ɗari da arba'in, ko ɗaya babu a kai.
Sau uku ta buga lissafi da jiƙaƙƙen yatsa:
abin da ta zuba shi ya dawo,
har da giɓin ladan dillali.

Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Tokuji masunci ya leƙo da fara'a:
"Kuɗinmu ya yi ƙarfi, man jirgi zai sauko!"
Ta ce, "Na ji."

Ta tura bokiti ƙarƙashin yoyo,
ta mayar da kaguwar da ke neman tserewa,
ta jira mai saye na farko.