Milimita Ashirin da Biyu

A Tanah Beru ba ma zana jirgi a takarda.
Ido ne ma'auninmu, sai taƙi, sai kamu.
Kakana da zira'insa ya auna ƙashin bayan jirgi,
teku kuma ba ta taɓa ƙaryata shi ba.

Sai ga ni a asibitin Bulukumba ranar Talata,
kan benci mai tauri,
garin zarto maƙale a farcena,
Rosmini a bayan koren labule.
Ba na jin komai sai kukan fanka
da muryar ungozoma Hasriani:
saki jikinki, ɗan sanyi ne kawai.

Da aka yaye labulen ta juyo mana allon na'ura.
Dishi-dishi, kamar teku kafin asuba.
Ta dasa ɗigo nan, ta dasa ɗigo can,
ta ja layi tsakaninsu.
Bakin mahaifa ke nan, in ji ta. Ƙofar.
Ashirin da biyu.
Na ce, ashirin da biyun me?
Milimita. Mun fi so ya haura ashirin da biyar.

Uku.
Uku kacal muka gaza.
Ni da nake jefa guntun katako mai tsawon hannu a murhu
ban ko waiwaya ba.

Ban ce gobe za ta haihu ba, in ji ta,
awo ba duba ba ne.
Hadari ne muka hango a kudu.
Wani yakan zuba, wani iska ta watsa shi,
amma mai hankali yakan kwashe shanya.

Bara waccan ba wanda ya auna mana komai.
Yaron ya zo a wata na shida, cikin dare,
bai kai ƙotar gizagona tsawo ba.
Kwana biyu ya yi numfashi cikin kwalba a Makassar.
Ni na sassaƙa alamar kabarinsa
da ragowar katakon jirgin wani.
Ba ma ambaton sunansa a gida.
Rosmini takan ambata
in ta zaci na yi barci.

An ba mu maganin matsi, ɗaya kowane dare,
an ce mu dawo bayan mako biyu a sake awo.
In ƙofar ta ƙara gajarta, akwai ɗinki,
zare ɗaya, kamar yadda ake tsuke bakin jaka.
Ciwon baya mai zuwa yana komawa,
nauyi a mara, ruwa, ko ɗigon jini:
kada ku jira gari ya waye.

Da muka iso gida na binciko rular ƙarfe
da ɗan ƙanena ya manta tun hutun makaranta.
Na ɗora babban yatsa a kan ashirin da biyu.
Bai cika gaɓa ɗaya ba.
Ashe wannan ne ke tsare tsakaninki da duniya,
ke da ban ma san ko ke ce ko kai ne ba.

Na yanki ƙusar katako daidai wannan tsawo,
irin wadda muke haɗa allunan jirgi da ita,
na sa a aljihu.
Ina laluba ta a masallaci, ina laluba ta a wurin aiki.
Ƙaramar aba ce, na sani,
amma na ga irinta ta riƙe jirgi har Surabaya.

Ki zauna.
Ba a tura jirgi ruwa sai an toshe kowace kafa.
Ranar turawa tana nan,
gari duka zai kama igiya.

Kowace Juma'a ina jan layin alli
a haƙarƙarin jirgin da muke ginawa.
Sattu ya tambaye ni lissafin me ne,
na ce bashi nake bi.

Yau layi ashirin da tara.
Awon jiya ya ce ashirin da ɗaya.
Rosmini ta yi dariya, ta ce ƙofar tana da taurin kai irin nawa.

Duk da haka babur na nan a bakin matakala,
cike da mai,
gabansa na kallon hanya.