Marayun Layuka

Ƙarfe biyun dare a Garwa.
Fanka ta gaji, zafi kawai take juyawa.
Shayina ya huce tun ɗazu.

Can wata ƙasa da ban taɓa takawa ba
akwai zobe binne a ƙarƙashin gonaki,
wai kewayensa ya kai daga nan zuwa Pitowa.
A cikinsa ƙwayoyin zarra ke tsere,
suna bin diddigin haske, ba sa cim masa.
Maganaɗisu dubu da 'yan kai ke tanƙwara musu hanya.
Ban taɓa ganin ko ɗaya ba.
Sunayensu kawai aka ba ni ajiya.

Wannan jadawali nasu ne,
wancan na wutar da ke ciyar da su,
na ukun na ma'aunin sanyi.
Kowane layi da lambarsa,
kowace lamba ta san ƙofar gidansu.

Jiya wani mai gaggawa
ya sauya wa ɗari huɗu da sha bakwai suna,
bai yanka rago ba, bai gaya wa dangi ba.
Layuka dubu tara suka wayi gari babu uba,
suna gararamba a cikin rumbu.
Aka kashe zoben. Aka kira ni.

Sai na tuna kakata Ladiyo.
Baƙo na ajiye kwanon ruwa za ta ce, "Ɗan wa?"
Ta bi shi ta uwa, ta bi shi ta uba,
har ta ƙulla shi da wani masunci a Lere
da ya taɓa cin bashin gishirinta.
"Ba wanda ya faɗo daga sama," in ji ta.

Haka na bi su.
Wuta ta ɗauke, Lagdo ta yi rowa yau ma.
Batir saura kashi sha ɗaya,
sauro na cin idon sawuna,
ina haɗa mabuɗi da mabuɗi cikin duhu.
Dokar aikin guda ce:
ko duka su shiga gida, ko a bar su yadda suke.

Na danna.

Kafin kiran assalatu saƙo ya shigo,
kalma biyu: ya tashi.
Ƙasa wajen Binuwai wata dorina ta yi gurnani,
motocin auduga sun fara hawa gada.

Inna ta leƙo da buta a hannu.
"Me kika kwana yi, Balaraba?"

Na ce, "Zumunci."