Inda Allura Ta Bi

Ƙarfe goman dare a Garwa,
ofishin auduga ya yi tsit,
daga ni sai fanka
sai akwatin nan mai ƙifta koren ido.

Balaraba tana Lagdo.
Ruwan Agusta ya cinye hanya,
lissafin manoma ɗari huɗu kuwa
yana kulle a cikin akwatin.

Na haƙa mata rami a cikin iska,
siriri, irin na gara,
na toshe bakinsa da kalmar sirri
da lamba shida da za su sauka a wayarta.

Sau uku yana ƙi.
Laifina ne, ɗigo ɗaya na manta.
Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari, ya farka.

A na huɗu ta yi shiru.
Ina jiyo kwaɗi ta bayanta.
"Gambo," ta ce, "ai ga teburina!"

Ba ta tambayi yadda aka yi ba.
Haka nake so.
Telan ƙwarai, in ji kakata,
ba a ganin inda allurarsa ta bi.

Na ja ƙofa, na bar idon yana ƙiftawa.
A kan gadar Binuwai mai ya ƙare mini,
na tura babur har gida.