Tanderun Kusiri

Ƙarfe biyun dare nake buɗe ƙofa.
Kusiri na barci, Logon na jan jiki,
fitilun Injamena na ƙifce daga ƙetare.
Shekara talatin da ɗaya ina bakin tanderun nan,
gashin hannuna wuta ta daɗe da lashe shi.

Ashta ke biyo bayana, 'yar Shuwa,
makullin sito ɗaure a gefen lafayarta.
Ranar da mai gida ya damƙa mata littafin lissafi
kwana uku na yi ban gaishe ta ba,
don autata ma ta girme ta.
Ta bar ni da kumburina, ta shiga ƙirga fulawa,
ta gano ramin da buhu biyu ke faɗawa duk wata,
ta toshe shi, ba ta kira sunan kowa a gaban jama'a ba.
Ran na huɗu ni na fara cewa sannu.

Najita kan ƙetaro gada kafin a rufe,
ya jingine kekensa, ya kwana kan buhuna.
In ya tsoma hannu a ƙullu sai waƙar coci da yaren Sara,
ni kuwa carbi na aljihu, leɓe na motsi.
Ban san me yake faɗa wa Ubangiji ba.
Na dai san in ladan ya kira asuba
ba sai na roƙa ba, ya karɓi matuƙin katako,
ya ce, je ka, Baba Sallau, ina nan.

Sai Wanso, ɗan Tufuri, shekara sha tara,
igiyar waya a kunne kamar an ɗaure maraƙi.
Ya ce burodi minti ashirin da biyu ne.
Na ce yaro, burodi da hanci ake jin sa,
tun uwarka na goye nake wannan aiki.
Damina ta zo, mura ta toshe ni.
Wayarsa ta yi ƙara, na ce a bar shi tukuna.
Sanda arba'in muka fitar, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya ba Najita labari da Faransanci don kar in ji,
na kuwa ji.
Yanzu in ta yi ƙara nakan leƙa,
in ce dama lokacin da zan duba ke nan.

Da injin kwaɓi ya tsaya ana jibi Sallah,
mu maza huɗu muka kewaye shi da shawara.
Dudu mai shara ta ajiye tsintsiya,
ta ce da Fulatanci a miƙo mata sufana.
Ashe shekara biyu ta yi a makarantar sana'a a Marwa,
babu wanda ya taɓa tambayarta.
Injin ya tashi. Mu muka sunkuyar da kai.
Albashinta bai tashi ba sai da Ashta ta buga tebur.

Ba zan ce muna shan inuwa ɗaya kullum ba.
Mun taɓa zuba gishiri sau biyu a kwaɓi ɗaya,
an faɗa da Larabci, an maimaita da Hausa,
kowa ya ɗauka shi aka aika.
Rigimar rediyo kuwa har gobe ba ta mutu ba.

Biyar da rabi babura ke layi a ƙofa,
a ɗaure kwanduna, tururi na tashi.
Mai shayin tasha zai tsaga shi ya shafa bota,
ba ruwansa da hannu nawa ya ratsa.

Mu kuma mu zauna kan benci, mu raba wanda ya karye.
Kofi huɗu ne, mu biyar.
Yau Wanso ne zai jira in gama.