Abin Hannun Cima

Na gwada hannunki kina barci, Cima,
da guntun zaren da ya rage a keken ɗinkin Inna.
Na ƙulla alama inda ya haɗu,
na ƙara faɗin yatsa guda,
don an ce ruwan Damagaram yana karɓar baƙo.

Zare kala uku na sayo a Babbar Kasuwa,
layin masu allura da maɓalli:
ja, da shuɗi, da ruwan ƙwai.
Na taya dala talatin, ya ce albarka,
na juya baya, ya kira ni.

Sarƙar kuwa ba ta kasuwa ba ce.
Ta agogon aljihun Baba ce,
wanda ya tsaya tun daminar da gulbi ya ci gonarmu.
Na cuɗe ta da toka da lemun tsami,
baƙin ya sake ta, ya koma ƙarƙashin farcena.

Na maƙala bakin zaren a babban yatsan ƙafa,
na miƙe bisa tabarma.
Ja ya hau shuɗi,
shuɗi ya ratsa idon sarƙa,
ruwan ƙwai ya zago ta baya ya riƙe su.
A ja, amma kada a tsananta.
Zare in ka matsa masa murɗewa yake,
ƙarfe kuma bai san lallashi ba.
Sau huɗu ina kwancewa
kafin su yarda su kwanta wuri ɗaya.

Ina kan ido na goma sha tara aka ɗauke wuta.
Na kama salula da haƙora na ci gaba,
nan ne shuɗi ya tsallake gida biyu.
Da safe na gani. Ban kwance ba.
In kin juya cikinsa za ki same shi,
ɗan karkatacce, kamar haƙorinki na gaba.

Labo maƙeri na Bagalam
shi ya lanƙwasa mini ƴan zobban ratayawa,
ya ƙi karɓar ko dala,
ya ce shi ma tasa ƴar tana can wani gari.
Na rataya anini mai huda daga gwangwanin Kaka,
tun na lokacin da take kai man gyaɗa Jibiya a ƙasa;
yau ba ya sayen ko tsinken ashana.
Kusa da shi makullin akwatinmu na ƙarfe,
wanda kwaɗonsa ya ɓata tun muna firamare
muka ci gaba da ɓoye shi don sabo.
Sai ƴar ƙararrawar jar akuyarki.
Ranar da Inna ta kai ta kasuwa don kuɗin rajistarki
ni na kwance ta daga wuyanta.
Kin yi ta nema. Yi haƙuri.

Habsu maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga:
"Laya kike haɗa mata?"
Na ce babu rubutu, babu tofi.
Ta ce, "To maganin me yake?"
Na sunkuya na ciji zare.

A tasha, bayan asuba,
maɗaurin ya ƙi shiga, hannuna na rawa,
yaron mota na dukan ƙofa yana kiran sauran mutum ɗaya.
Na ƙulle shi da zaren kansa, ƙulli biyu,
irin wanda sai da wuƙa.
Ya yi miki yawa kaɗan. Na sani. Ki ci abinci.

Kin fito da hannu ta taga kina kaɗawa.
Na ga ƙararrawar tana motsi,
inji ya hana ni ji.

Na dawo gida na share tabarma.
Shatin zare na nan a yatsan ƙafata,
da guntun ja a ƙasa:
bai isa zagaye hannu ba,
ya fi ƙarfin a zubar.